Babban yaron shagona ya ƙi koya wa na ƙasa yanka, ya zan yi da shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a ɓoye sunana, don wanda zan yi magana a kansa ƙila yana nan cikinmu kuma bana so ya ji ba daɗi.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wada a Zariya, ɗinkin maza muke yi, kaftani da babbar riga, sai yunifom na makarantun kuɗi in an kusa komawa. Yara takwas ne a ƙarƙashina. Babbansu tun yana ƙarami mahaifinsa ya kawo min shi, yanzu ya yi aure har da 'ya'ya, kuma wlh a yanka ya fi ni, in ya ɗora almakashi a kan shadda ba asarar ko inci ɗaya, amana kuma ba a magana don ko cinikin sati ka bar masa haka za ka zo ka samu. Shi yasa na ɗora shi a kan sauran, ni yanzu na fi zama a hanya, yau Kantin Kwari saro yadi gobe bin kuɗi a makarantu.

Na ce ya ɗauki biyu a cikin yaran ya koya musu yanka, ya ce to. Shekara ta zagayo har yanzu guga suke da sa maɓalli da haɗi, da yaro ya matso teburin yanka sai ya aike shi sayen zare ko man janareta, in kuma aka yi kuskure tsawa ce a gaban kwastoma ba ruwansa da wanda ke zaune. A goman ƙarshe na azumin da ya wuce zazzaɓi ya kwantar da shi, shago ya tsaya cak, ni kaɗai nake yanka har asuba kuma duk da haka muka saɓa wa mutane alkawarin kayan Sallah. Bayan Sallah yaron da ya fi kowa ƙwazo ya bar ni ya koma wani shago a Sabon Gari. Bana so in rabu da babban nan kuma bana so 'ya'yan mutane su tsufa a kan dutsen guga. Ku bani shawara.

Tsohon tela, cikin gari:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin in ce komai, ya kake biyansa? Albashi ne ko kuɗin hannu?

Mai tambaya:
Kuɗin hannu ne Baba, duk kayan da mutum ya yi da lissafinsa, ran Alhamis muke yin lissafi. Na yanka shi ya fi tsoka.

Tsohon tela, cikin gari:
To ai ga ciwon nan. Yaron nan ba mugu bane, lissafi ya iya. Kai ka ce masa ya koyar, amma tsarin biyanka yana ce masa kar ya koyar, kuma tsarin biyan shi ke kai cefane gida. Duba mana, duk awa ɗaya da ya tsaya yana nuna wa yaro yadda ake fitar da wuya ko hammata, kaya biyu ko uku ne bai yanka ba, wannan asara ta farko. Ran da yaron ya iya kuma, kayan da ake yankawa a shagon za a raba su biyu, asara ta biyu, kuma ita ba ta ƙarewa. Mai iyali ne fa. Ko ni ne sai na aiki yaron sayen zare.

Ka zauna da shi, ba a shago ba, ka je gidansa bayan Isha'i don ya san ka girmama shi. Kar ka fara da laifinsa. Ka ce masa daga yau duk kayan da yaron da ya koyar ya yanka, shi ma yana da wani abu a kai, ko kaɗan ne, kuma ka yanka masa wani abu tsayayye duk wata na riƙon shago wanda ba ruwansa da yawan ɗinki. In ya ga cewa yaro ya iya ƙari ne a aljihunsa, da kansa zai riƙa jan kunnen yaron zuwa tebur. Mu a cikin gari masu ɗinkin hannu, mai zane daban mai cikewa daban, aska takwas ɗaya, wato irin aikin zaren da ake yi wa babbar riga, sai ta bi ta hannun mutum nawa kafin ta zama riga, kuma kowa da haƙƙinsa a kai, shi yasa babba baya jin tsoron ƙarami ya iya.

Wani mamba, Kwangila:
Gsky ni dai ina ganin ka sallame shi kawai. Mutum ya fi ƙarfin maigidansa ai ya isa buɗe nasa. Ka ba shi keke ɗaya ku rabu lafiya kafin ya kwashe maka kwastomomi.

Tsohon yaron shago, Gyallesu:
A'a malam, in ya sallame shi yanzu wa zai yi yankan? Ai an koma goman ƙarshe kenan.

Yaya mai tambaya, ni bari in faɗa maka ta ɓangaren yaran don na zauna a irin wannan shagon. Ba rashin koyon ne ya fi ciwo ba, rashin sanin ranar da za a fara koya maka ne. Kullum ka tashi ka share shago ka hura gawayi ka yi guga, ba wanda ya taɓa ce maka in ka iya kaza za ka wuce kaza, abokanka da kuka fara tare a wani wurin har sun fara karɓar ɗinki, mahaifiyarka tana tambayarka wai yaushe za ka ɗinka wa ƙannenka, kai kuma ba amsa. Sannan tsawar nan a gaban mutane, wlh yaro zai manta da yunwa amma baya manta ranar da aka ce masa daƙiƙi a gaban kwastoma. Wanda ya tafi Sabon Gari ina tabbatar maka ba ƙarin kuɗi ya bi ba. Kuma yaya kai ma kana da naka aikin, yaran nan kai aka kawo wa, ba babban yaronka ba. Ko sau ɗaya a sati ka tsaya a tebur da kanka.

Malama, Samaru:
Ina koyarwa a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan kuma ina bin ɗalibai wuraren da suke SIWES, wato zaman koyon aiki da hukumar ITF ta ɓullo da shi, ita ITF ɗin tun 1971 aka kafa ta don horar da ma'aikata, hedikwatarta na Jos. Abin da na lura da shi a gareji da shaguna da ofisoshi iri ɗaya ne, wanda ya fi kowa iya aiki sau da yawa shi ya fi kowa kasa bayani, saboda hannunsa ya riga ya haddace, baya ma sanin matakan da yake bi. Ka ce ya koyar sai ya yanka cikin minti biyar ya ce ka gani ko? Yaro bai ga komai ba, shi kuma ya ɗauka taurin kai ne sai tsawa. Don haka shi ma yana buƙatar a koya masa koyarwa. Ka nuna masa da kanka: ya yi a hankali yana faɗin dalili, yaro ya maimaita da baki, yaro ya yi yana kallo bai karɓe almakashin ba ko da ya ga zai karkace, sai a ƙarshe ya gyara. Karɓe almakashin nan shi ke kashe yaro.

Sannan ku rubuta matakai a kwali ku manna a bango. Guga da maɓalli, haɗin wando, haɗin riga, ɗaukar awo, yankan wando, yankan kaftani, wuya da aljihu, har babbar riga. Sunan kowane yaro da inda ya kai, kuma ba a wucewa sai an gwada shi a gabanka. Farkon yanka a yi a takardar siminti da alli, sai ƙyallaye da ragowar yadi, sai yunifom tunda yadinsa da sauƙi kuma awonsa kusan ɗaya ne, shaddar mutane ita ce ƙarshe. Lokacin yin wannan kuma bayan babbar Sallah ne da aiki ke ja baya, kar ka ce za ka koyar da kowa a azumi.

Wani abu da telolinmu basu cika kula da shi ba, takarda. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin Trade Test, wato jarrabawar gwajin sana'a, mataki uku ne, ana farawa daga na 3 a hau zuwa na 1. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke Kaduna ma tana da tsarin ba wa masu sana'a shaidar ƙwarewa ko da a shago suka koya. Ka fara da babban naka, ka biya masa, ya zama shi ne na farko da ya samu. Kuma dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yinta kuma kar ta wuce shekara 5, don haka sabbin da za a kawo maka ka zauna da iyayensu ku rubuta shekarun da ranar yaye.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Malama, Allah ya saka. Maganar biyan nan ta shige ni sosai. Amma ga tsorona, in na koya musu yanka duka ai tafiya za su yi, wasu ma a layinmu za su buɗe.

Hajiya mai shagon ɗinkin mata, Sabon Gari:
Ƙanena za su tafi mana, dama don su tafi iyayensu suka kawo su. Wanda baka koya wa ba ma ai ka ga ya tafi, kuma da fushi. 'Yan matan da na yaye suna nan a Muciya da Hanwa da Palladan kowacce da kekenta, in na samu ɗinkin anko mai yawa su nake rarraba wa, in sun samu wanda ya fi ƙarfinsu ni suke turo wa. Dubi Inyamuran kasuwar nan tamu, yaro zai yi wa ogansa shekaru amma tun ranar farko ya san za a sallame shi da jari, shi yasa yake riƙe shagon kamar nasa. Kai ma ka faɗa wa kowa tun yanzu, wanda ya kammala matakai ya ƙara maka shekara ɗaya da biya, ka yi masa walimar yaye ka taimaka da keke.

Inda na ɗan saba da Baba shi ne, ba kowa kuɗi ke gyara wa hali ba. Ka gwada shi wata uku da sabon tsarin, ka gaya masa a fili cewa tsawa a gaban kwastoma ta ƙare, gyara a bayan shago ake yi. In ka ga har yanzu ba shi da haƙurin yara, kar ka ƙasƙantar da shi, ka bar shi shugaban yanka da duba kaya kafin su fita, koyarwar kuma ka riƙe da kanka ko ka ba wani mai sanyin hali cikin na tsakiya. Ni mai koyar min da sabbi ba ita ce ta fi iya ɗinki ba, ta dai fi kowa haƙuri.

Tsohon tela, cikin gari:
Hajiya ta yi gaskiya, ban ƙi ba. Sai dai ɗana kar ka manta shi ma babban ka tambaye shi me yake so nan gaba, ƙila shi ma ranar tasa sallamar yake jira ya ji daga bakinka kuma kunya ta hana shi tambaya.

Mai tambaya:
Insha Allah ran Juma'a zan je gidansa. Shi kuma wanda ya tafi fa, in neme shi ko in ƙyale?

Hajiya mai shagon ɗinkin mata, Sabon Gari:
Kar ka je shagon da yake, sai ya zama rigima da sabon maigidansa. Wurin mahaifinsa za ka, tunda shi ya damƙa maka shi. Ka gaya masa tsarin da ka sake, ka ce ƙofa a buɗe take in yaron yana so ya dawo kuma daga yankan wando zai fara ba guga ba. In ya ce ya zauna a can, ka sa masa albarka ka tambayi ko akwai sauran kuɗin hannunsa a wurinka ka biya.