Haɗa babur irin na da a gida: waɗanda suka taɓa yi a Sakkwato su ba mu labari

Mai tambaya, daga Mabera

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi tsohon babur ƙirar CG125 a hannun wani maƙwabcinmu. Injin yana tashi, amma jikin ya gaji: tanki ya yi tsatsa, kujera ta yage, wayoyi duk ɗaure-ɗaure. Burina in mayar da shi irin baburan da iyayenmu suka hau a shekarun 1970, mai dogon tanki da kujerar fata da fitila zagayayya. A zauren gidanmu zan riƙa aikin da yamma. Hotunan Turawa na gan su da yawa, amma wanda ya yi abin a garin nan, cikin zafinmu da ƙurarmu, shi nake son ji. Ta ina ake farawa, me ake kai wa masu sana'a, me kuma ba a taɓawa?

Tsohon bakanike, Tudun Wada

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi dacen zaɓe. Honda ta fito da CG125 a 1975, kuma don ƙasashe irin namu anka yi shi, inda mutum kan daɗe bai canza baƙin mai ba. Shi ya sa ba a sa mishi sarƙa a kan inji ba, wasu sanduna biyu ne ke turo bawul daga ƙasa. Abu ne mai haƙuri. Kamfanonin Sin kuma sun kwaikwayi injin nan ƙwarai, saboda haka kayanshi ba su yankewa a kasuwa. Sai dai in za ka sayen kaya, riƙe tsohon a hannunka ka gwada su gefe da gefe, don kama ba ta zama ɗaya ba.

Da inji za ka fara, ba da ƙawa ba. Buɗe murfin inji na gefen dama, akwai wata matatar baƙin mai da ke juyawa tare da inji. Duk tsohon CG da munka buɗe a garejinmu, sai mun tarar da baƙar laka ta daskare a ciki, sai da bakin sukurdireba ake kankaro ta. Mutane da yawa ba su ma san tana nan ba. Ka wanke ta, ka wanke 'yar ragar da ke ƙasa wurin zubar da mai, ka duba fistin da ringi, ka saita bawul inji na da sanyi. Kowane noti da ka kwance, jefa shi a gwangwaninsa, ka rubuta daga inda ya fito. Wayoyi kuma ka ɗauke su hoto kafin ka cire ko guda.

Ni na yi zamani da Benly da Roadmaster da Vespa, lokacin da malamin makaranta ke wanke babur ɗinsa ranar Juma'a kamar zai kai shi gasa. Abin da ya sa sunka yi kyau a ido shi ne komai na wurinsa, ba a rage masu komai ba. Ka riƙe wannan.

Wani matashi, Arkilla

Baba ya faɗi gaskiya, ni kuma ga abin da ya faru da nawa. Salon da muke gani a hoto, mai sitiyari a ƙasa da kujera ɗaya, a Landan ya samo asali a shekarun 1950 zuwa 1960, wurin samarin da ke taruwa a shagunan shayi irin su Ace Cafe, burinsu babur ya kai mil 100 a awa, wato wajen kilomita 160. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta suke, cikin iska mai laima. Da na haɗa nawa na cire akwatin iska na asali, na ɗaura wa kafireta 'yar ƙaramar matata irin ta hoto. Ya yi kyau, babu ƙarya. Amma hunturu bai wuce ba babur ya fara hayaƙi. Da aka buɗe, jikin silinda duk zane-zane, kana sa farce kana jin su. Ƙurar da ta wuce matatar ita ta riƙa cin ƙarfe.

Akwai kuma wata matsalar. Idan iska ta yi wa kafireta yawa, man da ke shiga ya yi kaɗan, inji sai ya ɗau zafi, kuma za ka gane haka a fulogi: bakinsa zai yi fari fat maimakon ruwan ƙasa. A watan Afrilu a Sakkwato wannan ba ƙaramin abu ba ne ga injin da iska kawai ke sanyaya shi. Na mayar da akwatin, na fesa masa baƙin fenti, na rufe shi da murfin gefe. Ba wanda ke lura da shi yanzu.

Sitiyarin ƙasa ma na sauya shi. Shiga lungu mai yashi da shi wahala ce, nauyinka duk yana kan tayar gaba, wuyan hannu ya yi ta ciwo. Madigadi kuma kada ka cire gaba ɗaya, rage tsawonsa kawai, in ba haka ba damina za ta zane maka bayan riga.

Mai walda, kusa da Maƙera Assada

Malam, abu biyu nake roƙonka, don Allah.

Na farko tanki. Kada ka kusantar da wuta ga tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da ya shekara a bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Na ga tankin da ya kumbura ya tsage a gaban wani yaro da ya ce ai babu ko ɗigo a ciki. Allah ya tsare idonsa, amma kunnensa ya daɗe bai dawo daidai ba. Mu sai mun wanke da ruwan sabulu sau da yawa, mun cika shi da ruwa har kusa da inda za a ɗinke, sannan mu kunna wuta. Tsatsar ciki kuwa kai ma za ka iya: zuba notuna da ɗan kananzir ka yi ta girgizawa, ka juye, ka wanke, ka shanya sosai. Ka sa 'yar matatar mai a tiyo kafin kafireta.

Na biyu firam. Bayan kujera ana iya ragewa a lanƙwasa bututu a haɗa, muna yi. Amma inda shokozoba ke kamawa da wuyan babur, ba a wasa da su. Kuma a wuyan ne lambar shasi take. Kada ka goge ta, kada ka bari fenti ya cike ta. Jami'an hanya da 'yan sanda ita suke dubawa su gwada da takarda, kuma babur da aka sauya wa kama ya fi jan ido a shingen bincike. Tun yanzu ka karɓi takardun asali da shaidar ciniki a hannun maƙwabcin naka, tun ana shiri.

Baduku, Shiyar Madunka

Maganar kujera tawa ce. Kowa ya zo cewa yake a yi masa da jar fatar akuya, kuma ban ga laifinsu ba. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Amma tana da laushi kuma ba ta da kauri, ta fi dacewa da jaka da titimi da bangon littafi. Kujerar da za a hau kullum, fatar saniya nake sawa a sama, in yi ado da ta akuya a gefe da bakin ɗinki. In mutum ya nace sai ta akuya, sai in yi mata shafi da yadi mai ƙarfi a ƙasa.

Launi ma ka yi tunani. Baƙar kujera in ta sha ranar azahar a bazara, zafi ya haura digiri 40, ba ta zaunuwa. Ruwan ƙasa mai haske ta fi. Ka riƙa shafa mata man kaɗe kaɗan-kaɗan, ka ajiye a inuwa, in ba haka ba ta tsattsage. Soso kuma a sa mai tauri, kada a rage kaurinsa don neman siranta.

Tsawo shi ne abin da aka fi dawo mini da shi. Saurayi zai ce kujerar mutum ɗaya yake so, bayan ɗan lokaci ya dawo a ƙara, don ga mahaifiya za a kai asibiti, ga ƙane za a kai makaranta. Ai babur a garin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ka yanke shawara kafin mai walda ya yanke ƙarfe.

Mai fenti, Gidan Dare

A taƙaice: kada ka yi feshi da hunturu. Da sassafe ake yi, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a rufe hanci. Fentin gwangwani na feshi ya isa firam da madigadi, amma a tanki fetur na ɗiga zai kwaɓe shi. Tanki a kawo a yi masa irin na mota, mai haɗi biyu, a bi da mai ƙyalli. Kyan fenti daga gugar samfefa yake, wannan kuma aikinka ne a gida.

Ɗan kabu-kabu, Minanata

Ni fa ban yarda CG ne kaɗai ba. Tsohon Jincheng AX100 na gyara, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Ba shi da nauyi, ba bawul balle saiti, kuma ƙararsa ita ce ƙarar yarintarmu. Gaskiya yana shan mai fiye da CG, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na rage fita da shi, sai ranar hutu. Amma wanda ke son aiki mai sauƙi a zaure, ya duba shi.

Wata uwargida, Runjin Sambo

Ku yi haƙuri in sa baki, maigidana a tsakar gida ya haɗa nasa, na ga abin daga farko har ƙarshe. Ɗan'uwa, in akwai yara a gidan, kada ka zuba fetur ko kananzir a robar lemo ko ta ruwa. Ɗanmu ƙarami ya taɓa ɗauko irin robar nan har ya kai baki, Allah ya sa yayarsa na kusa. Batir ma a ɗaga shi sama, ruwansa yana cin fata da tufafi. Kuma a nisanta aikin da murhu. Salansa kuwa a bar ta da abin da ke rage ƙara. Akwai tsofaffi da marasa lafiya a maƙwabta, ga masu barci bayan asuba.

Tsohon bakanike, Tudun Wada

Allah ya yi miki albarka ɗiyata, kin faɗi abin da munka manta. Saura wuta da birki. Na farkon CG batir mai bolt 6 gare su, fitilarsu ja-ja, da dare ba ka ganin rami sai ka faɗa. Na baya da na Sin bolt 12 ne. Duba naka kafin ka sayi ƙwai ko hon, kada ka haɗa biyun. In wayoyin sun bushe suna karyewa a hannu, sayi sabon damin waya gaba ɗaya, ya fi faci araha a ƙarshe, kuma ka sa fis.

Birki kuwa sabon takalmi gaba da baya, sabuwar waya, ka goge cikin gangar da samfefa. Sifoki ka kai wa mai ɗaurin wili ya daidaita, kada ka ja su da ka. Taya mai faɗin da ya wuce na rim ɗinka, bar ta a shago, tana sa babur rawa a kwana. In ka gama, fara gwaji da safe a hanyar da ba cunkoso, da hular kwano a kanka, ka dawo ka sake bin kowane noti da sufana. In bawul ya gagare ka saiti, turo shi Tudun Wada bayan la'asar in nuna maka.