Sifesa a ƙafar mota: wanda ya taɓa sawa ya faɗi yadda ta kaya

Mai walda, ƙauye kusa da Gumel

Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena a sana'a, shawara nake nema, amma ta wanda ya yi da hannunsa. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina harhaɗa wata 'yar mota a bayan shagona. Golf 3 ce da ta yi hatsari, na sayi gawarta, na cire inji da giya da ƙafafu huɗu na ɗora a kan firam ɗin bututu da na yi waldarsa da kaina. Kujera biyu, ba rufi, bayanta na ɗaukar buhu uku. Don hanyar gona na yi ta, kun san yashinmu na nan, siririyar taya nutsewa take yi. Na samo rim mai faɗi na alminiyam, inci 15, a Ƙofar Ruwa, ramukan huɗu sun hau daidai. To amma tayar gaba tana gugar shokozoba ta ciki, har ta cinye fentin. Wani ya ce in sa sifesa, faifan nan da ake sawa tsakanin hob (ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa) da rim ya turo taya waje. Wani kuma ya ce kabarina nake haƙawa. Wanne zan ɗauka?

Direban haya, layin Gumel zuwa Maigatari

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ni na sa, kuma Allah ne ya yi da sauran kwana. Irin matsalarka ce ta same ni. Na sayi sifesa shimfiɗaɗɗiya mai kaurin milimita 8, irin mai ramuka barkatai da ake cewa tana hawa kowace mota, na mayar da bol ɗina na asali na ɗaure. Kwana biyu sitiyari yana kaɗawa in na taka, na ce ai balansin ne. Ranar Alhamis na yi lodin kasuwar Maigatari, mota cike, awaki biyu a but. Mun yi nisa sai na fara jin ƙwas-ƙwas a ƙafar hagu, in na saki totur ƙarar ta ƙaru. Wani dattijo a gaba ya ce, direba, tsaya ka duba, wannan kukan ba na lafiya ba ne. Na sauka gefen titi na tsuguna. Bol ɗaya babu shi, rami kawai. Sauran ukun da yatsa na juya su. Da na zaro ɗaya, sai ga garin ƙarfe yana ƙyalli a yatsana, haƙoran bakinsa sun shafe tas. Ramukan rim ɗin kuwa sun koma kamar ƙwai. A nan na cire sifesar na wurga ta cikin gonar gero, na sa safaya, na ari bol ɗaya daga ƙafar baya muka lallaɓa. Hob ɗin ma sai da na canza shi.

Tsohon bakanike, Wudil

Direba, Allah ya ƙara tsarewa. Amma faifan da ka wurgar rabin laifin kawai ya ɗauka, sauran rabin na bol ne.

Ɗana mai walda, ka natsu ka ji. Golf ba irin Toyota ba ce da sitod ke tsaye a jikin hob ka ɗaura noti. Ita bol ne ke ratsa rim ya shiga hob. Bol ɗin kaurinsa milimita 12, kuma duk zagaye ɗaya yana shiga milimita ɗaya da rabi. Abin da muke bi shi ne ya shiga hob aƙalla gwargwadon kaurinsa, wato zagaye takwas. Direba ya sa faifan milimita 8, ya cinye zagaye biyar da ɗoriya. Me ya rage? Uku ma da ƙyar. A kan haƙora uku ya ɗora fasinja da awaki. Saboda haka duk kaurin da ka ƙara, bol ɗinka ya ƙaru da daidai wannan tsawon. Kuma kada ka yarda da bakin mai shago, ka sa bol da hannu ka ƙirga zagayen har ya tsaya. Yarana sun san wannan, wanda bai ƙirga ba ranar ba shi da kuɗin abinci.

Sai maganar kaɗawar sitiyari. Cire taya ka duba tsakiyar hob, za ka ga wani ɗan leɓe ya fito. A Golf faɗinsa milimita 57.1. Shi ke zaunar da rim a tsakiya cif kafin bol ya matse. Siririyar sifesa, milimita 3 ko 5, tana barin leɓen ya leƙo rim ya samu wurin zama. Ta 8 ko 10 shimfiɗaɗɗiya kuwa binne shi take yi, rim ya rataya a kan bol, ya zauna a karkace ko da da kaurin takarda ne, kuma wannan ya isa ya girgiza mota. In za ka wuce 5, nemi wadda aka sassaƙa mata nata leɓen, raminta na baya ya shige hob ba wasa, leɓenta na gaba ya shige rim.

Kuma ka duba wuyan bol. Rim ɗin Volkswagen na asali mazauninsa zagaye ne kamar ƙoƙo, yawancin na alminiyam na kasuwa kuwa mai tsini ne kamar mazurari. In ka haɗa mai ƙoƙo da mai mazurari, a layi ɗaya siriri za su taɓa juna, ka ɗaure yau gobe ya kwance.

Manomin shinkafa, Kura

Baba ya gama magana a kan masu bol. Ni tawa Hilux ce, ramuka shida, kuma irin sifesar da na sa daban ce: ana ɗaure ta a sitod ɗin mota da nata notin, sannan tana da nata sitod da rim ke hawa. Na sayi mai milimita 25. Abin da ban lura ba, sitod ɗin mota sun fi ta tsawo kaɗan, kawunansu sun leƙo. Rim ya je ya zauna a kan kawunan maimakon fuskar sifesa. Yaron da ke ɗaure min ya ce, Alhaji, tayar nan rawa take yi. Muka shafa alli a kawunan sitod muka mayar da rim, da muka cire sai ga tabon alli shida a bayansa. Na mayar na karɓo mai 30, ta rufe su.

Motar ta ƙara zama a kwana, ban musa ba. Amma ga abin da na biya: boris ɗin gaba bai yi min daɗewar da ya saba ba, don kullum cikin lodin shanshera nake a hanyoyin Kadawa. Da damina kuma taɓo har gilashin ƙofa. Abin da ya fi ci min rai shi ne notin ciki a ɓoye suke, sai ka cire taya kafin ka san ko sun saki.

Malamin koyar da aikin mota, Kazaure

Oga mai walda, abin da ka yi Turawa sun daɗe suna yi. A Ingila kamfani ke sayar maka da firam da gangar jiki, kai ka nemo tsohuwar mota ka kwashi inji da ƙafafu ka haɗa a gida. Lotus Seven ta 1957 a haka aka riƙa sayar da ita, Caterham ta sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, kuma da yawa daga masu kwaikwayonta ƙafafun Ford Sierra suke sawa. Su ma wannan ciwon kan suke sha, don rim ɗin da ya dace da motar asali ba lallai ya dace da sabon jiki ba.

Ka juya rim ɗinka ka duba bayansa, akwai rubutu. Za ka ga faɗinsa, kamar 7J, da ET da lamba a gabansa. ET shi ne nisan fuskar da ke manne da hob daga tsakiyar faɗin rim. Lamba babba tana shigar da taya ciki, ƙarama tana fito da ita. In tsohon rim inci 6 ne, sabon inci 7, kuma ET ɗinsu ɗaya, to gefen ciki ya matso shokozoba da rabin inci, milimita 12.7. Sifesa rage ET kawai take yi: rim mai ET45 da faifan 15 ya zama tamkar ET30. Nauyin da boris zai ji ɗaya ne ko da faifai aka kai can ko da rim. Duk yadda taya ta yi nisa da boris, kamar ka riƙe bokitin ruwa ne ka miƙe hannu, shi ya sa na Alhaji ya gaji da wuri. Sitiyari ma zai ƙara nauyi, kuma in ka daki rami zai fi fizgar hannu. Don haka a sa mafi sirantar da za ta raba taya da shokozoba, kuma ƙafar dama da hagu kauri ɗaya.

Ramuka su hau ba shi ne dacewa ba. Sifesar tsohuwar Corolla mai ramuka huɗu tazararta ɗaya da ta Golf, 4 a kan da'irar milimita 100, amma tsakiyarta 54.1 ce, ba za ta shige hob ɗin Golf ba. Na ga wanda ya sa fayil ya buɗa ta da hannu. Kada a yi.

Mai faci, bakin tashar Ringim

Ku yi haƙuri Malam, ni duk wannan lissafin bai kama ni ba. Kuɗin sifesa biyu masu kyau da dogayen bol takwas, in ya ɗan cika ai ya canza rim mai ET ɗin da ya dace ya huta. Taya nawa nake cirewa a rana? Abin da nake gani a bayansu ya isa: wani wosha uku-uku ya jera a kowane bol, wani faifai biyu ya ɗora kan juna. Ba na mayar da irin wannan, in mai mota ya nace in miƙa masa sifana ya ɗaure da kansa.

Tsohon bakanike, Wudil

Gaskiyarka, rim ɗin da ya dace ya fi. Amma yaron nan ya riga ya saya, kuma mai faɗi da ƙaramin ET ba kullum ake tsintarsa a gwanjo ba. In zai sa, ya kankare tsatsar fuskar hob da buroshin waya har ta yi fes, don ƙwayar yashi ɗaya tana hana faifai kwanciya. Kada ya shafa giris a haƙoran bol. Ya ɗaure a gicciye, ba bi da bi ba. Awon ƙarfin ɗaure bol na Golf 3 shi ne 110 Nm a sifana mai awo, ba a sa bututu a hau da ƙafa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ya sake bi.

Mai walda, ƙauye kusa da Gumel

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ka canka, 7J ET45 ne a rubuce. Na koma Kano na samo mai milimita 15 mai leɓe, guda huɗu. Ramin tsakiyar rim ɗin ya fi leɓen faɗi, 73.1 ne, sai na haɗa da zoben da ke cike gibin. Bol mai mazurari na saya, amma na yi zalama na ɗauko wanda ya ƙaru da 20, na ce tsawo ai ba ya ɓaci. A gaba lafiya. A baya da na juya taya da hannu tana kan jak, sai na ji ƙar-ƙar a cikin diram, ashe bakin bol ne ke taɓa kayan birki. Na canza zuwa mai ƙarin 15, na ƙirga, takwas cif kamar yadda Baba ya ce, ƙarar ta ɗauke. Yanzu yatsana yana shiga tsakanin taya da shokozoba, kuma na karya sitiyari dama da hagu har ƙarshe ba inda ta taɓa.

Na je gona na dawo sau huɗu, na sake bi da sifana, biyu a ƙafar hagu ta gaba sun ɗan ƙara shiga. Yashi kam yanzu ba ta nutsewa, sai dai tayar ta fito daga ƙarƙashin madigadi, duk abin da ta kwasa a fuskata take zubawa. Jiya da rawani na tuƙa. Na yanko falanki, gobe in sha Allahu zan ƙara wa madigadin faɗin yatsa uku.