Kada matatar saƙonnin banza ta tsufa

Masu kula da imel da suka tattauna yadda za a hana matatar saƙonnin banza tsufa sun fi nanata abu guda: matatar da ke ƙirga kalmomi, irin Bayes na manhajar tace imel ta SpamAssassin, tana dusashewa idan aka daina koyar da ita. Ba ta ma fara aiki sai ta ga saƙon banza 200 da na kirki 200. Duk wanda ta kuskure, a mayar mata da shi ta sa-learn (umarnin da ake koyar da ita da shi), musamman na kirki da ta jefar, wanda ya fi ciwo. A riƙa goge tsofaffin kalmomin da ta tara, tunda masu damfara kullum suna sauya salo. Koyo da kanta kuwa, ni ban yarda a sakar mata ba, domin tana haddace kuskurenta.