Abin da mutanen da suka gwada suka ce game da haɗin kofi da yogot na karin kumallo

Kusan kowa ya yarda cewa yogot mai kauri, marar sukari, shi ne ya fi dacewa, don mai ruwa-ruwa tsinkewa yake yi. Gargaɗin da aka fi nanatawa: a bar kofin ya huce sarai, domin mai zafi yana sa yogot ya yi gudaji. Ƙaramin cokali 1 na garin kofi mai narkewa, a dama da ruwa cokali 2, ya ishi moɗa guda ta yogot.

Wajen zaƙi aka rabu. Wasu zuma, wasu ayaba nunanniya da aka murƙushe. Ni dai ayabar ta fi kwanta min.

Mai son ya ƙoshi ya shimfiɗa ots (wani hatsi mai kama da alkama) a ƙasan mazubin, ya zuba haɗin a kai, ya rufe, ya bar shi ya kwana a firji. Garin koko kuwa sai da safe a barbaɗa, kada ya jiƙe.