Shawarwarin masu kiwo a Garwa kan zomon da ya ƙi cin abinci

Masu kiwon zomo da suka tattauna a Garwa sun haɗu a kan cewa zomon da ya yi awa 12 bai ci komai ba, kashinsa kuma ya ƙanƙance ko ya ɗauke, yana buƙatar likitan dabbobi a ranar, domin zomo ba ya amai, kuma idan hanjinsa ya tsaya yana iya mutuwa da wuri.

Kafin a isa wurin likita, sun ce a janye masara, dusa da burodi, a ajiye masa busasshiyar ciyawa da ɗanyen ganyen da ya saba da shi, a riƙa ɗiga masa ruwa da sirinji marar allura ta gefen baki. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada a ɗura masa komai. Wani dattijo ya ƙara da cewa a sa likita ya duba haƙora, tun da ba sa daina tsiro, sannan a mayar da keji inuwa a zafin Maris da Afirilu.

Gargaɗin da na fi ba muhimmanci shi ne na amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda mutane ke saya a kemis da kyakkyawar niyya, alhali ba wa zomo shi ta baki yana kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, ya jawo zawo mai kisa.