Goku da gashin gaske: muhawarar majalisar Nima

Mubarak: Salamu alaikum 'yan majalisa. Yau ina so a yi ta ta ƙare. Duk katun ɗin Japan, duk gem, duk littafin zane da aka ɗauko aka ce mutane masu jini a jika su fito su taka a fim, an kashe shi. Ba a taɓa yin wanda ya kama ƙafar na asali ba, kuma ba za a yi ba. Hujja ɗaya ta ishe ni: Dragonball Evolution, 2009. Gokun da muka sani, jarumin Dragon Ball, yaron daji ne mai wutsiya, bai san komai ba sai ci da faɗa. Suka mai da shi ɗan sakandare irin na finafinan Amurka, ana cin zalinsa a makaranta, yana jin kunyar yarinya. Labarin da Akira Toriyama ya zana daga 1984 zuwa 1995, littafi 42, suka yagi nan suka yagi can suka cusa a fim ɗin da bai kai awa ɗaya da rabi ba. A 2016 wanda ya rubuta fim ɗin, Ben Ramsey, ya fito ya ba masoya haƙuri, ya ce kuɗi ya bi. Mai ja ya zo.

Nafisa: Wa alaikumus salam. Yaya Mubarak, ka ɗauko mafi muni a cikin kasuwa ka ce haka duk hajar take. Ina ka bar One Piece na Netflix, 2023?

Mubarak: Ƙanwata, wanda ya taka Luffy, jarumin labarin, ɗan Meziko ne.

Nafisa: To sai me? Luffy na zane ɗan ina ne? Duniyar tasu ma ƙirƙirarta aka yi, tsibirai ne da teku. Iñaki Godoy ya kamo abin da ya sa Luffy ya zama Luffy: yaron da zai ce maka zai zama sarkin 'yan fashin teku yana washe baki, kuma ka ji da gaske yake. A nan Afirka ma aka ɗauke shi, a Cape Town, jiragen ruwan gina su aka yi. Eiichiro Oda, mai labarin tun 1997, yana cikin masu shiryawa, ba a saki komai ba sai da ya yarda. Sun kwashi sama da babi 90 suka zuba a kashi 8, dole aka zubar da wasu mutane da wasu faɗace-faɗace. Cikin abokan Luffy, hancin Usopp mai tsawo ba su sa ba, girar Sanji mai murɗewa ba su sa ba. Na kalla da ƙannena a Madina ta Akra, ba wanda ya ce ina hanci.

Mubarak: Kin ga ni? Da bakinki kin faɗa. An cire hanci, an cire gira, an zubar da mutane. Ashe ba shi ba ne.

Anti Rabi: Mubarak ɗana, bar maganar hancin nan, zo nan wajen da na sani. Ni tela ce, kuma na ɗinka wa yaran Mamobi masu wasan kwaikwayo kaya ba sau ɗaya ba. Mai zane yana jan layi ɗaya ya ce wannan riga ce, ba ɗinki, ba aljihu, ba ta tattarewa a hammata. Ranar da ka ce mutum zai sa ta, sai ka amsa tambayoyin da mai zane bai taɓa yi wa kansa ba: wane yadi, nawa nauyinsa, in ya ɗaga hannu ina za ta ja, in ya yi gumi wace kala za ta koma. Wani yaro ya kawo mini hoton Goku ya ce gashin yake so. Muka yi da soso da waya da gashin kanti. A tsaye ya yi kyau. Yana juya kai gashin ya tsaya yana kallon gabas, shi yana kallon kudu. A zane tsinin gashin nan kusan siffa ɗaya yake ba ka ta kowace fuska, abin da kan mutum ba zai iya ba. Saboda haka cire hancin Usopp ba cin amana ba ne, sanin aiki ne.

Amma inda nake tare da kai shi ne kunya. Akwai masu fim da ke jin kunyar abin da suka ɗauko. X-Men na 2000, Wolverine a littafi rawaya da shuɗi yake sawa, suka lulluɓe kowa da baƙar fata, har da sa wa wani jarumi zolayar rawayar riga a baki. Sai 2024 Hugh Jackman, mai taka Wolverine, ya sa rawayar, shekara 24 ke nan, kuma ba wanda ya ce ta yi masa muni. Tela ya san bambancin rage wa riga tsawo don mai ita ya iya tafiya da canza ta don kai ba ka son ta.

Shamsu: Anti kin gama magana. Amma ni a ɓangaren gem ina bayan Mubarak, kuma dalilina ba nasa ba ne. Ku zo shagona a Sabon Zango ku ga yaron da 'yan kuɗinsa suka ƙare. Yana tsaye a bayan benci yana kallon wani na bugawa, yatsunsa na motsi a banza, yana cewa bi ta hagu, bi ta hagu. Kallon fim ɗin gem haka yake a wurina. Daɗin gem shi ne hannu yana wurinka. In ka faɗi kai ka faɗi, ka sake, ka sake, har ka wuce. Fim ya karɓe hannun ya ce zauna ka kalla. Me ya rage?

Nafisa: Labari ya rage, Shamsu. The Last of Us fa? HBO, 2023, kuma Neil Druckmann da ya yi gem ɗin 2013 yana cikin waɗanda suka tsara shi.

Shamsu: Yauwa, nan nake jiran ki. Ya yi kyau, ban musa ba, don gem ɗin tun asali rabinsa fim ne. Amma dubi ƙarshe, a asibitin nan. A gem kai ne Joel, mutumin da ke rakiyar wata yarinya. Ka buɗe ƙofar ɗakin tiyata, likitan da zai yi wa yarinyar aiki na tsaye da wuƙar aiki yana tare ka, gem ɗin ba zai matsa gaba ba sai ka kashe shi. Na ga katti a shagona sun ajiye hannu a cinya suna neman wata hanya, babu. Sai ka danna da yatsanka. A fim Pedro Pascal ne ya yi, kai kana cin gyaɗa. Za ka iya cewa kai, mutumin nan bai kyauta ba. A gem wa za ka ce wa?

Fati: Haba Shamsu, ina kashi na 6, ka ɓata mini 😭

Shamsu: Yi haƙuri 'yar uwa, gem ɗin ya haura shekara 10.

Nafisa: Wannan na karɓa, nauyin danna maɓallin fim ba zai ba ka ba. Amma shi ma yana da nasa. A gem cutar da ta addabi duniyar labarin tana yawo a iska a wasu wurare, sai an sa takunkumin fuska. A zangon farko na fim suka canza yadda take yaɗuwa, saboda in aka rufe fuskar ɗan wasa an rufe rabin aikinsa. Gem yana yawan nuna maka ƙeyar Joel. Fim yana nuna maka idonsa lokacin da yake yi wa yarinyar ƙarya.

Kawu Isa: Yara, ku ba tsoho wuri. Ku kuna gardama kamar abin yau ya fara. Lokacin da nake da gidan bidiyo a Nima, talabijin ɗaya, benci, janareta a waje yana tari, mu ne muka nuna Street Fighter na 1994 da Mortal Kombat na 1995. Fostan ma ba daga Amurka yake zuwa ba. Masu fenti ne a nan Gana suke zanawa a buhun fulawa, wani sa'in mai zanen ko fim ɗin bai kalla ba, ya ƙara wa jarumi damatsa, ya sa jini yana tsiri inda fim ɗin ko ɗigo babu. Yau Turawa na saye suna rataye su a gidajen baje kolin zane.

Street Fighter shirme ne, na yarda, Van Damme muka zo kallo ba Guile na gem ɗin da ya taka ba. Amma Mortal Kombat, Mubarak, ka yi a hankali. An rage zubar da jinin gem ɗin don matasa su samu shiga silima, duk da haka ya riƙe abin da ake so: gasa, tsibiri, kowa da salon faɗansa, ga kiɗan nan da in ya tashi benci ke girgiza. Cary-Hiroyuki Tagawa ya taka Shang Tsung, mugun fim ɗin, har masu gem ɗin suka dawo a 2019, a Mortal Kombat 11, suka ɗauki fuskarsa da muryarsa suka sa a ciki. In fim kisa yake yi, me ya sa mamacin ya zo aron fuska?

Mubarak: Kawu, da girmanka, ɗaya ne cikin nawa? Super Mario na 1993 fa? Gem mai launi, yara na tsalle kan kunkuru, suka mai da shi wani birni mai duhu da ƙazanta, Dennis Hopper a matsayin Koopa yana yawo da kwat. Bai mai da kuɗinsa ba. Shekara 30 Nintendo ba ta sake fitar da fim ɗin Mario a silima ba, da ta tashi a 2023 katun ta yi, ya haura dala biliyan 1.3. Masu abin da kansu sun yanke hukunci. Fim ɗin gem ɗin Sonic ma da ake yabo, tallan farko a Afrilun 2019 sun ba shi haƙoran mutum da ƙananan idanu, duniya ta yi ca, aka ɗage fim ɗin zuwa Fabrairun 2020 aka sake zana shi. Ma'ana sai da suka mai da shi katun kafin ya ciwu.

Nafisa: Yaya, ka fara da "ba a taɓa ba", yanzu ka dawo "ɗaya cikin nawa". Kuma duk misalanka na Amurka ne. Japanawa sun yi Rurouni Kenshin a 2012 da Takeru Satoh, suka kai shi fim 5 zuwa 2021. Takobi ne da gudu da jikin mutum, abin da kyamara ta iya ɗauka tun fil azal.

Malam Tanko: Ina karantawa tun ɗazu. Ku bar Japan ku dawo gida. A ce gobe Leti Arts na nan Akra, masu yin gem da littattafan zane kan Ananse, Gizon tatsuniyar Asante, ko wani yaron Zango ya ce zai yi fim ɗin Gizo da Ƙoƙi da mutane. Yaya za a fito da Gizo? Kakanninmu ba su taɓa tsayawa sun ce mana ƙafarsa takwas ko biyu ba. Yana noma, yana aure, yana zuwa fada, sai asiri ya tonu ya haye rufin ɗaki. Da tsamin bakinsa da haɗamarsa muke gane shi, kamar yadda Asante ke gane Ananse da maganar hanci. A dandamali kuwa an daɗe ana yi: Efua Sutherland ta fito da Ananse mutum sak, uba mai neman kuɗi da auren 'yarsa, ba wanda ya tashi ya ce a mai da masa kuɗin tikiti don babu yanar gizo.

Mubarak: Malam, tatsuniya ba ta da hoto, kowa da Gizon da ke kansa. Goku yana da hoto, miliyoyin mutane hoto ɗaya suka haddace. In ka canza Gizo ba wanda zai kama ka. In ka canza Goku kowa alƙali ne.

Malam Tanko: Wannan magana ce. Sai dai alƙalan nan su ne suka wuce hancin Usopp ba su ce uffan ba, suka tsaya a kan Goku mai jin kunya.

Shamsu: Ni dai in za a yi Gizo a yi shi gem. Ka saci naman Zaki da hannunka, ka ji yadda gudu yake.

Mubarak: Ba komai, ga gwaji na zuwa. A 2024 aka sanar Lionsgate ta ba Destin Daniel Cretton, wanda ya yi Shang-Chi, aikin fim ɗin Naruto, wani katun ɗin Japan, da mutane. Ku jira ku ga balagagge da gemunsa a aske yana gudu ya miƙe hannuwa baya, an zana masa layi uku-uku a kumatu, yana ihun zai zama shugaban ƙauye. Ranar ni zan biya wa kowa kuɗin mota zuwa silimar Silverbird, a Accra Mall, don in kalli fuskokinku.

Anti Rabi: Layin kumatu ba wuya, mu da muka tashi cikin masu zane a fuska. Ni rigar zan duba. Ruwan lemu ce. In suka fito da ita baƙa, Mubarak, ka matsa mini wuri a bencinka.