Me za mu kira IDP in girgizar ƙasa ce ta tashe su?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Kalmar nan IDP da ƙungiyoyin agaji ke yawan faɗa, wato wanda dole ta sa ya bar gidansa amma bai bar ƙasarsa ba, ita nake nema wa Hausa. Mun saba cewa "'yan gudun hijira", amma a labarin girgizar ƙasa kalmar tana yi mini nauyi a baki. Ku duba Haiti, bayan girgizar 12 ga Janairu 2010. Mutane kusan miliyan 1.5 ne suka koma zaman tantuna, da yawansu a unguwar da aka haife su. Wasu a dandalin Champ de Mars suka kafa tanti, daura da fadar shugaban ƙasa da ta rushe. Mutumin da ke zaune a tanti yana hango ɓaraguzan gidansa, ina ya gudu?

Wani mai fassarar labarai: Wa'alaikumus salam. Malam, mu dai "'yan gudun hijira na cikin gida" muke cewa, kuma mai sauraro yana ganewa. In an ƙi wannan, akwai "waɗanda girgizar ƙasa ta raba da muhallansu".

Mai tambaya: Na biyun daidai ne, sai dai jimla ce, ba suna ba. Gwada sa ta a kanun labari ka gani: "Kwalara ta ɓulla a sansanin waɗanda girgizar ƙasa ta raba da muhallansu." Kafin ka kai ƙarshe numfashi ya ƙare. Ga shi kuma "muhalli" yanzu rabinsa ya koma wajen masu maganar dazuzzuka da gurɓatar iska.

Wata ma'aikaciyar agaji: Ku ba ni dama in sa baki, don a wajenmu bambancin ba na ado ba ne. Wanda ya tsallaka iyaka don tsira daga tsangwama shi ne refugee, kuma Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ce ke kāre shi. Wanda bai bar ƙasarsa ba yana nan a wuyan gwamnatinsa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998, waɗanda Francis Deng, wakilin Sakatare Janar na Majalisar kan IDP a lokacin, ya gabatar, su suka fayyace IDP, kuma sun ambaci bala'o'i irin su girgizar ƙasa da ambaliya, ba yaƙi kaɗai ba. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, ta Tarayyar Afirka, ma haka ta yi. Har jagorancin kula da sansani an raba shi a tsarin da aka kafa a 2005: in rikici ne, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR) aka sa kan gaba, in bala'i ne, hukumar ƙaura ta duniya (IOM). To in muka kira kowa da suna ɗaya, mai karatu zai ɗauka hukumar 'yan gudun hijira ce ta gaza, alhali ba ita aka ɗora wa aikin ba.

Wani malamin Larabci: Hajiya ta yi gaskiya. Larabawa sun raba su: laji'i ga wanda ya tsallaka iyaka, nazihi ga wanda yake cikin ƙasarsa. Ni shawarata a bar "hijira", don asalinta barin wuri ne, a cire "gudu". A ce "'yan hijirar gida".

Mai tambaya: Allah ya gafarta Malam, tana da daɗin faɗa. Tsorona dai, Bahaushe in ya ji hijira, abin da ke zuwa masa shi ne barin gari don tsira da addini ko da rai daga hannun azzalumi. Girgizar ƙasa ba ta da hannun da za a tsere wa.

Wani ɗalibi: Ɗaiɗaitattu fa? Tunda ana cewa rikici ya ɗaiɗaita su. Ko 'yan sansani.

Ma'aikaciyar agaji: Ƙanena, ba zan tsaya gaban uwa mai 'ya'ya a layin karɓar ruwa in kira ta ɗaiɗaitacciya ba. Gidanta ne ya rushe, ba ita ba. "'Yan sansani" kuwa ta bar mutane da yawa a waje. Bayan girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta kashe fiye da mutum 50,000 a ƙasar, wasu sun shiga tantuna da gidajen kwantena, amma wasu da dama wajen dangi suka tafi a wasu biranen. Su ma suna cikin lissafi.

Mai fassarar labarai: To ga wata: "'yan ƙaurar dole". Ɗan ƙaurar dole, 'yar ƙaurar dole. Ginin ba baƙo ba ne, muna da aikin dole. Ba ta ce an gudu ba, ba ta ce wa ya kore su ba. Kuma tana ɗaukar mutanen arewa maso yammacin Siriya, waɗanda yaƙi ya fara tasa, sannan girgizar 2023 ta sake tasa su. Suna ɗaya ya ishe su.

Malamin Larabci: Sai dai ƙaura tana nuna an tafi ke nan. Wanda ke tanti ai yana sa ran komawa.

Ma'aikaciyar agaji: Sa rai daban, Malam, komawa daban. A Haiti an shekara da shekaru ana zaune a wasu sansanonin, kuma Canaan da ke arewacin Port-au-Prince, babban birnin ƙasar, daga fili ta zama gari guda. Mai haya da gidan ya rushe, ina zai koma? Ni "'yan ƙaurar dole" ta yi mini.

Mai tambaya: Ni ma ita na ɗauka. "'Yan gudun hijira" ga wanda ya tsallaka iyaka, "'yan ƙaurar dole" ga IDP. A farkon labari a faɗi abin da ya tashe su, daga nan a ci gaba da gajeren sunan. Kanun ɗazu sun koma: "Kwalara ta ɓulla a sansanin 'yan ƙaurar dole." Masu rediyo, ku gwada ta, ku dawo mana da abin da masu sauraro suka ce.